Carbin Zamani na Yatsa a Hannun Mai Neman Buɗi

Duk inda ake sayar da carbi yanzu, daga Kasuwar Kurmi a Kano har bakin masallatan Juma'a na Zariya, Sakkwato da Damagaram, za ka tarar da ɗan ƙaramin carbin lantarkin nan da ake ɗaurawa a yatsa, wanda 'yan kasuwa ke kira kaunta. Alhazai ma suna zuwa da shi tsaraba. Yana da arha, ba shi da nauyi, kuma ya shiga hannun kowa: tsohuwa mai salatin Annabi a tsakar gida, direban mota, ɗan makaranta, da muridin da shehinsa ya ɗora wa azkaru. Wannan na ƙarshen shi ne muka fi damuwa da shi a nan, domin shi ba lada kaɗai yake nema ba, yana neman abin da mutanen ɗarika ke kira fathu, wato Allah Ya buɗe masa ya san Shi. Shin wannan ɗan abu yana taimaka masa a kan hanyar, ko yana kawo masa cikas? Amsarmu ita ce yana da wurin da ya fi carbin ƙwaya nesa ba kusa ba, yana kuma da wurin da bai kamata a ɗauko shi ba sam.

Ƙirarsa ba ta da wani sarƙaƙiya. Jikinsa roba ne, da maɗauri mai laushi da ke zagaye yatsa manuniya. A fuskarsa akwai ɗan gilashi mai nuna lamba biyar, wato yana ƙirga daga 0 har 99,999. Madannai biyu ne: babba na ƙirga, wanda babban yatsa ke dannawa, da ƙarami mai mayar da lissafi sifili. Wasu suna da na uku mai kunna fitila don dare. Batirinsa irin na agogon hannu ne, mafi yawa mai lamba AG10, wanda wasu kamfanoni ke rubuta wa LR1130, amma a buɗe bayan a duba kafin a saya, don akwai masu ɗaukar wanda ya fi shi ƙanƙanta. Idan aka bar shi na ɗan lokaci gilashin yakan mutu don ya rage cin batir, lissafin kuma yana nan a ciki. Idan aka cire batirin, a yawancinsu lissafin ya tafi.

Kafin a yanke masa hukunci sai an san aikin da ake so ya yi. Buɗin da ake magana a kai yana da tushe a hadisin Mala'ika Jibrilu, inda aka kasa addini uku: Musulunci, Imani da Ihsani, aka ce Ihsani shi ne ka bauta wa Allah kamar kana ganin Sa, in ba ka ganin Sa to Shi Yana ganin ka. Sufaye sun ɗauki wannan "kamar kana ganin Sa" a matsayin abin da ake iya kai wa gare shi da gaske, a ɗanɗana shi a zuci, ya wuce sanin da ake samu a littafi. Shi suke kira ma'arifa, wanda ya samu kuma arifi. A Tijjaniyya ana tuna cewa Shehu Ahmadu Tijjani, wanda aka haifa a Ainu Madi a 1737 ya rasu a Fas a 1815, ya samu babban buɗinsa a Abi Samguna a shekarar 1196 ta Hijira, bayan dogon nema a hannun shehunai da dama. Daga 1929, da Failar Shehu Ibrahim Inyass na Kaulaha ta bayyana, wato ambaliyar sanin Allah da mabiyansa ke cewa ta zo ta hannunsa, tarbiyya, wato horon zikiri na musamman da ke kai muridi ga buɗi, ta zama abin da talaka da mace da matashi ke shiga, ba manyan malamai kaɗai ba. Haɗuwarsa da Sarkin Kano Abdullahi Bayero a Makka a 1937 ita ta share hanyar shigowar wannan tafarki ƙasar Hausa. A Ƙadiriyya kuma, wadda ita ce ɗarikar Shehu Usmanu Ɗanfodiyo, hanyar ita ce wuridi, halwa da zikirin jama'a. Duka biyun sun haɗu a abu guda: izini daga hannun wanda ya riga ka, da zikiri mai adadi sananne. Inda akwai adadi kuwa dole a yi ƙirga, nan ne kaunta ta shigo.

Mu fara da inda ta gaza, don shi ne mutane suka fi yin kuskure a kai. Lazimin Tijjaniyya istigfari 100 ne, salatin Annabi 100, hailala 100, safe da yamma. Wazifa kuma istigfari 30, Salatul Fatihi 50, hailala 100, Jauharatul Kamali 12. Waɗannan adadai ne da aka iyakance, ba a ƙari da gangan, ba a ragi. Wanda ya yi shakkar inda ya tsaya sai ya yi gini a kan mafi ƙaranci, ya cika, bayan ya idar ya yi istigfari 100 da niyyar gyara. Carbin 'yan Tijjaniyya an ƙera shi ne daidai da wannan aiki. Ƙwaya ɗari ce cif, an raba ta kashi shida da shaidu, wato ƙwayoyin alama masu siffa daban: 12, 18, 20, 20, 18, 12. Idan ka fara daga kan carbin, shaida ta farko ita ce sha biyun Jauhara, ta biyu talatin ɗin istigfari, ta tsakiya hamsin ɗin Salatul Fatihi, komawa kan carbi kuma ɗari ce. Ta kowane ɓangare ka fara lissafin ɗaya ne. Amfanin wannan shi ne yatsa ne ke gaya maka ka iso, ido yana rufe, zuciya tana inda aka ce ta tsaya.

Kaunta ba ta da shaida. Dannawa ta farko da ta casa'in da tara duk ɗaya suke a ƙarƙashin yatsa. Don ka tsaya a kan ɗari daidai dole ka riƙa buɗe ido kana leƙa gilashi, kuma tun daga wajen saba'in hankali yake komawa kan lamba. Mutum zai idar da wuridi adadinsa cikakke, amma kashi ɗaya cikin uku nasa ya tafi wajen gadin lissafi. A wazifa abin ya fi muni, domin sai an mayar da ita sifili sau uku a tsakiyar zikiri, kuma a zawiyar da ba wuta bayan magariba ba a ma ganin lambar sai an kunna fitilarta. Ga wanda halartar zuciya ita ce jarinsa, wannan asara ce babba. Don haka a lazimi da wazifa carbin ƙwaya ɗari ya fi, kuma ba ƙaramin fifiko ba. A kula kawai kada a ɗauki mai ƙwaya 99 da aka yi don tasbihin bayan salla a zaci ɗari ce.

Sai matsalar dannawa, wadda ita ce babban aibin masu arhar cikinsu. A ƙarƙashin babban madannin akwai ɗan siririn ƙarfe ko roba mai baƙin ɗigo da ke taɓa allon lantarki. Idan ya fara gajiya, ko ƙurar hunturu ta shiga, ko gumi ya sa tsatsa, sai ɗayan biyu ya faru: ya taɓa sau biyu a dannawa ɗaya, ko ya ƙi taɓawa. Idan yana tsallake, gilashi zai nuna 100 alhali bakinka 96 ko 97 ya faɗa, ka tashi da wuridi mai giɓi ba ka sani ba. Idan yana ƙin ɗauka, ka zarce adadi. Akwai kuma wata dabara da ta bambanta daga ƙira zuwa ƙira: bayan gilashin ya mutu, a wasu dannawar farko tayar da shi kawai take yi, a wasu kuma tana tayarwa tana ƙirgawa. Wanda bai san halin tasa ba zai riƙa samun ragi ko ƙarin ɗaya duk lokacin da ya ɗan dakata.

To ina ta yi fice? A manyan adadai. Hailalar Juma'a tsakanin la'asar da magariba, ga wanda yake shi kaɗai yana yin 1,000 ko 1,200 ko 1,600. Salatin Nariya 4,444. Ya Laɗifu 16,641, wato 129 sau 129. Hailala 70,000 da ake yi fansa ga kai ko ga mamaci. A irin waɗannan, mai carbin ƙwaya yana buƙatar lissafi biyu a lokaci guda, na ƙwaya da na zagaye, shi ya sa ake ɗaura wa carbi 'yan ƙananan ƙwayoyi goma a gefe, ko a ajiye tsakuwa ko ƙwallon dabino, ko a nemi carbi dubu. Duk wanda ya yi wannan ya san yadda ake ruɗewa a zagaye na ashirin da wani abu, musamman in barci ya fara fizga. Kaunta ta kawar da wannan wahala gaba ɗaya. A nan ba ka buƙatar leƙa gilashi sai can ba a rasa ba, saboda tazarar tana da nisa, don haka aibinta na lazimi bai taso ba. Mai fansa zai iya yin 5,000 kullum ya gama cikin kwana 14, lissafin yana ajiye a cikinta. Shawararmu ita ce kowane dare a rubuta inda aka tsaya a takarda, domin ƙaramin madannin nan yana danne kansa a aljihu ko a ƙarƙashin matashi, aikin mako guda ya koma sifili. Masu ƙirar da sai an riƙe madannin na ɗan lokaci kafin ya goge sun fi aminci, su za a nema.

Akwai 'yan uwanta biyu a kasuwa. Ta ƙarfe mai ƙara ƙas-ƙas ba ta cin batir kuma tana da ƙarko, amma lamba huɗu gare ta, iyakarta 9,999, ga ƙararta tana damun na kusa a sahu. Sai zoben da ake yi wa caji, mai haɗuwa da waya, wanda ke girgiza idan an kai wani adadi. Girgizar ta magance matsalar leƙe, sai dai yawancinsu an saita su ne a kan 33 da 99 ko 100, ba su san 12 da 30 da 50 ba, ga tsada. Manhajar carbi ta waya kuwa ba mu ba mai wuridi shawarar ta ba, don saƙo ɗaya ya isa ya ɗauke shi daga halartar zuciyar da ya daɗe yana tarawa.

Wani abin da ya kamata a auna da agogo shi ne sauri. Babban yatsa ya fi harshe gudu, kuma madannin ba ya jin abin da baki ke faɗa. "La ilaha illallah" idan aka ba maddarta haƙƙinta, aka fitar da hamza da ha'u, ba ta kasa daƙiƙa biyu. Ke nan dubu ɗaya tana cin minti 33 ko fiye. Wanda kauntarsa ta nuna 1,000 cikin minti goma, to kowace hailala ta ɗauki abin da bai kai daƙiƙa ɗaya ba, kuma da wuya a ce kalmar ta fita daidai. Da wannan lissafin, 70,000 aikin awa 39 ne ko kusa da haka. Carbin ƙwaya ma ana iya jan sa da gaggawa, amma jawo ƙwaya da sakin ta yana ɗan rage gudu, kaunta kuwa ba ta da birki. Maganin shi ne a sa dannawa ta zo bayan an rufe kalmar, kada ta zo tare da farkonta.

Yanzu ga babbar magana, wadda ta fi batir da madanni. Lambar da ke hawa a gilashi tana da daɗin kallo, kuma cikin sauƙi take sa mutum ya ɗauka hanyar ma haka take hawa, cewa wanda ya tara dubu ɗari biyar ya fi mai dubu hamsin kusa da buɗi. Kaunta mudu ce: tana gaya maka yawan hatsin, ba ta gaya maka ko ƙwari sun cinye cikinsa. Shehu Ibrahim Inyass ya kasa maƙaman addini uku zuwa matakai tara. A Musulunci akwai tuba, istiƙama da taƙawa. A Imani akwai gaskiya, ikhlasi da natsuwa. A Ihsani akwai muraƙaba (kiyaye cewa Allah Yana ganin ka), mushahada (ganin Sa da idon zuci), sannan ma'arifa. Babu ɗaya cikin taran nan da ake ƙirgawa. Adadi wa'adi ne tsakanin muridi da shehinsa, horo ne ga rai don ta saba da tsayuwa a ƙofa. Buɗin kansa kyauta ce, shi ya sa ake samun mutum biyu su karɓi azkaru iri ɗaya a rana ɗaya, ɗaya a buɗe masa cikin kwanaki, ɗaya ya shekara yana jira, kuma jinkirin ba ya nuna an ƙi shi.

Ta yaya ake gane wanda aka buɗe wa? Da farko dai ba shi ke ba kansa shaida ba. A tarbiyya muƙaddamin da ya ba da izini shi ke bibiyar muridi, yana jin abin da yake samu, yana gane ko ya shiga fana'i, inda ganin kansa da ganin halitta ke gushe masa, sannan ya riƙe hannunsa har ya dawo baƙa'i, ya zauna da mutane da hankalinsa yana ba kowane mai haƙƙi haƙƙinsa. Wanda ya tsaya a fana'i bai kammala ba, kuma maganganun da ke fita daga bakin mai wannan hali ba abin ɗauka a yi wa'azi da su ba ne. Wannan ne dalilin da ya sa malaman ɗarika ke hana mutum ya tsinci azkarun tarbiyya a takarda ko a intanet ya kama yi shi kaɗai. Kaunta ta sauƙaƙa tara dubbai ba tare da kowa ya sani ba, saboda haka ta sauƙaƙa wannan kasadar ma.

Alamomin da ake dogara da su a bayyane suke, kuma iyalin mutum sun fi kowa ganin su. Salla tana daɗa nauyi a wurinsa, ba ta raguwa. Fushinsa yana sanyi. Yana biyan bashi, yana cika mudu, harshensa yana barin naman mutane. Yabo da zagi suna kusan zama ɗaya a gare shi, kuma yana daɗa ganin aibin kansa fiye da na wasu. Mafarkai, ganin haske, jin sanyi ko kuka a wurin zikiri duk suna faruwa, amma sufaye ba su taɓa ɗaukar su hujja ba. An ruwaito daga Abu Yazidal Bisɗami cewa ko ka ga mutum yana tashi sama kada ka ruɗu da shi sai ka ga yadda yake a wajen umarni da hani. Ƙissar Shehu Abdulƙadir Jilani ma sananniya ce: haske ya bayyana gare shi, murya ta ce an halatta masa abin da aka haramta, nan take ya gane Shaiɗan ne ya kore shi. Abin da ya kuɓutar da shi ilimin shari'a ne. Duk buɗin da ya zo da sauke salla ko raina shari'a, istidraji ne, wato talala ce mai kai mutum ga halaka, ko da kaunta ta cika 99,999 ta koma farko.

Akwai kuma abin da ya shafi lafiya, wanda ake jin nauyin faɗa amma dole a faɗa. Matashi ya ɗaura wa kansa adadin da ba wanda ya ba shi, ya kwana uku ko huɗu ba barci, ba ya cin abinci sosai, sai ya fara jin muryoyi suna ba shi umarni, ko ya daina gane mutanen gidansu. Wasu za su ce jazbu ne, wato shauƙin Allah ne ya fizge hankalinsa, a ƙyale shi. Rashin barci kaɗai yana iya jawo wannan, kuma yana iya tayar da ciwon da ke kwance. Abin yi shi ne a karɓe kauntar, a sa shi ya ci ya yi barci, a sanar da malaminsa, in abin bai lafa ba a kai shi asibiti wurin likitan ƙwaƙwalwa. Shehi na gari ba ya hana wannan, shi ne ma yakan fara rage wa muridi adadi idan ya ga nauyin ya fi ƙarfinsa.

Riya ma tana da ƙofa a nan. Carbi yana shiga aljihu, kaunta kuwa tana zaune a yatsa a kasuwa da ofis, kowa na gani, wani ma yana hira yana dannawa. Tara salati a rukunin WhatsApp a watan Maulidi yana zaburar da mutane ƙwarai, ba mu ga laifinsa ba, amma ɗaukar hoton gilashi a tura don a ga yawan da ka yi abu ne da mai neman ikhlasi ya kamata ya yi wa kansa tambaya a kai. A tura wa mai tattarawa shi kaɗai ya wadatar. Waɗanda kuma ba su yarda da carbi ba tun asali, suna riƙe da hadisin Yusaira da ya ce a ƙirga da gaɓoɓin yatsu domin za a tambaye su kuma za su yi magana, suna da hujjarsu, kuma a tasbihin bayan salla, 33 sau uku da cikon ɗari, yatsu sun ishi kowa.

Wanda zai saya don manyan adadai, ya je da carbinsa mai ƙwaya ɗari ya gwada a gaban mai kaya. Ya ja carbin da hannu ɗaya yana danna kauntar da ɗayan, zagaye ɗaya a hankali, zagaye ɗaya da sauri. Duk wadda ba ta ba da 200 cif ba a ajiye ta. Ya jira gilashin ya mutu ya danna sau ɗaya, ya ga ko ta ƙirga ko tashi kawai ta yi. Ya duba ƙaramin madannin, in ya yi tsini sama da jikin robar to zai riƙa gogewa a aljihu. Ya ja maɗaurin ya ga ko yana da ramuka da yawa, don yatsun mata da na tsofaffi ba ɗaya ba ne, kuma maɗauri mai tauri shi ke fara tsagewa. Bayan an saya, a cire ta kafin alwala, domin ruwa yana shiga ta gefen madanni, kada kuma a bar ta a gaban mota cikin rana, zafi yana baƙanta gilashin. Idan lambobi suka fara dusashewa batir ne ya yi sanyi: a rubuta adadin tukuna, sannan a kwance 'yan kusoshin baya a canza. In an ga farin gari a mazaunin batirin, tsohon ne ya zubo, a goge shi da busasshen auduga kafin a sa sabo. Tsohon batirin kuma a jefar da shi inda yara ba za su kai ba, domin haɗiye shi yana ƙona maƙogwaro cikin 'yan awoyi, kuma yaron da ya haɗiye shi asibiti za a nufa da shi nan take.